Sunan Baba a Bakin Kwata

Unguwar Kanya, Bunkure
12 ga Yuli, 2005

Zuwa ga yayana Ibrahimu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da Maman Luka da yara. Mu nan lafiya lau, damina ta yi kyau.

Wasiƙarka ta iso, ban kuwa ji daɗinta ba. Ka ce bana ma ba za ka turo Luka da Afiniki dogon hutu ba, kuma in sayar da gonar Baba in biyo ka Jos, wai Kano ta daina zama tamu. Yaya, na san abin da ka gani a Kumbotso lokacin rikicin bara, ban raina tsoronka ba. Amma Jos ɗin da ka gudu, can ne ba a taɓa faɗa ba?

Ka san al'ada. Hutu na yi, a rufe ruwa, 'ya'yan gari na nesa da na kusa su dawo, kowane gida ya yashe rabonsa na kwatar ban-ruwan gonaki. Da yamma a ci gasasshiyar masara, a kai yara su ga bangon ƙofar ruwa inda Baba ya rubuta sunansa, Tambaya, da ƙusa, da ɗan gicciyensa, kusa da sunan amininsa Baballe, ranar da suka zuba simintin. Duk Lahadi muna yi wa Nijeriya addu'a a coci. Ni dai Nijeriyar da na sani ita ce wannan gona da wannan kwata, ba inda za ni.

Ƙanwarka,
Rifkatu

3 ga Agusta, 2005

Yaya Ibrahimu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Raina a ɓace yake, shi ya sa rubutun ya karkace.

Bangon nan ya tsage, ƙungiyar manoma ta ba Sammani magini, ɗan marigayi Baballe, aikin gyara. Shugaban ƙungiya, Malam Isiyaku, ya ce a shafe bangon duka. Wannan ban yi gardama ba, bango yana son gyara. Amma da aka karanta gidajen da za su yi yasa, babu gidan Tambaya. Na tambaya, ya ce ai an ce mun tashi, ga kai maigida kana Jos, ga ni mace ɗaya, gara a hutar da ni. Ka san gidan da bai yi yasa ba, ba shi da ruwa da rani. Hutun ke nan da ake so a ba ni.

Ban zage shi ba, don ba haka aka koya mana ba. Na dai gaya masa a gaban jama'a cewa cibiyata da tasa ƙasa ɗaya ta cinye, kuma ban roƙi hutu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya, hujjarsa kai ne.

Taka,
Rifkatu

16 ga Agusta, 2005

Yayana,

Ina gaishe ka da iyali, Allah ya sa kuna ƙalau.

Ranar Asabar aka yi yasa. Ba a kira ni ba, na ɗauki shebur ɗin Baba na shiga rabonmu ni kaɗai, laka har gwiwa. Mutane suka yi ta kallo. Can sai Zuliha matar Sammani ta ɗaure zani ta shigo, yaran hutu na gidansu suka biyo ta. Kafin azahar mun gama.

Na fito na tarar Sammani ya shafe bango, sunan Baba ya tafi, na Baballe ma haka. Ban ɓoye maka ba, na yi hawaye. Shi kuwa sai ya zaro ƙusa daga aljihu ya rubuta sunan ubansa a ɗanyen siminti, sannan ya miƙo mini. Ya ce tun yana yaro tare ya san sunayen nan, kuma ba hannunsa ne zai raba su ba. Malam Isiyaku yana tsaye, ya ce siminti zai lalace. Na ce in ya lalace ni zan sake kwaɓawa.

Na rubuta Tambaya, na yi gicciyen. Hannuna bai tsaya nan ba, na ƙara Luka da Afiniki a ƙasa. Ban nemi izininka ba, kuma ba na neman gafara. An mayar da gidanmu cikin masu ruwa, Malam Isiyaku da kansa ya karanta, fuska a murtuke. Na gaishe shi, zan kuma ci gaba da gaishe shi.

Yanzu yaran gari suna ta tambayata su wane ne waɗannan biyun da suke da suna a bango amma ba sa zuwa yasa. Na ce suna hanya. Saura mako uku a koma makaranta, masara kuma ta nuna. Kada ka mayar da ni maƙaryaciya, Yaya. Siminti ya riga ya bushe.

Ni ce ƙanwarka mai ƙaunarka,
Rifkatu Tambaya