Jabanar Nafisa tana kan teburina

Salama gare ku jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku fara zagina ku karanta har ƙarshe, domin zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ni Kirista ce, a Gadarif aka haife ni cikin unguwar Hausawa, shekara tara ke nan ina shugabantar zumuntar mata a kanisarmu, wato cocinmu. Ni ce mai tsayawa gaban mata in yi ta bayani a kan karɓar baƙo da ƙaunar maƙwabci har wata ta share hawaye. To da yaƙi ya koro mutane daga Madani, na tarar da wata mata, bari in ce mata Nafisa, zaune a tasha da tsohuwar uwarta mai ciwon ƙafa da 'ya'yanta 'yan mata biyu. Musulmi ne. Na kawo su gidan da nake haya, na ba su ɗaki ɗaya da rumfar tsakar gida. Wallahi ran nan da zuciya ɗaya na yi. Amma da fasto ya ambaci sunana a wa'azi, ya ce ga wadda take aikata abin da take faɗa, sai kaina ya kumbura. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi fiye da kima.

Kun san al'adarmu ta shan gahawa da hantsi. Shekara da shekaru a wurina matan unguwa suke taruwa, ni nake soya bun, wato 'ya'yan gahawa, in zagaya da hayaƙin kowa ta shaƙa, in zuba. Nafisa ba ta fito daga Madani da komai ba sai jabana ɗaya ta yumɓu, tukunyar gahawar da ta gada daga kakarta, a cikin zani ta naɗo ta. Ran da ta fara dafa mana, shi ke nan, halas. Mata suka koma rumfarta. Har matan zumunta in sun zo wai gaishe ni, sai su wuce ƙofata da "ya gida" su zarce can. Wata rana ina jin mataimakiyata tana cewa matar nan ta rasa gida da miji amma ba a taɓa jin ta ta yi gunaguni ba, ta fi mu rayuwar da muke wa'azinta. Suka yi ta gyaɗa kai. A gidana fa! Da gawayina! Ni da na kwaso ta daga tasha, yau ni za a auna da ita in kasa?

Daga nan komai nata ya koma ba ni haushi, tarin uwarta, shanyar 'ya'yanta, har gaisuwarta. In dawo daga kanisa da waƙa a bakina, ina taka ƙofar gida fuskata ta haɗe. Wace irin bangaskiya ce wannan da ba ta iya tsallake bakin ƙofa? Makon jiya na kira ta na ce mai gidan ya aiko, ya ce haya ta mutum ɗaya ya bayar, baƙi su tashi nan da Asabar ta sama. Ƙarya ce tsagwaronta. Bawan Allah yana gonarsa a Simsim yana yankan riɗi, bai ma san da zancen ba. Na yi zaton za ta roƙe ni ko ta yi kuka, in samu abin da zan riƙe a kanta. Sai ta ce, "Ma'alesh ya uhti, ba komai 'yar'uwa, kada ki sa wa ranki damuwa, kin yi abin da dangi ba su yi ba." Ta je ta nemo wuri a makarantar da aka tara 'yan gudun hijira, aji ɗaya iyali shida, ga tsohuwa da ba ta iya tsugunawa.

Jiya ta shigo ɗakina da jabanar nan naɗe a zani, ta ajiye kan tebur. Na ce ba zan karɓa ba, ta rantse sai na karɓa. Ta ce, "Can ba wurin hura wuta. Ki riƙa dafa wa matan, ki sa mu a addu'arki, na san Allah yana jin irinku."

Irina! Na kasa ko ɗaga ido.

Yau Alhamis. Jibi mai amalanke zai zo ya kwashe su, ranar Lahadi kuma fasto ya sa ni in ba da shaida a gaban jama'a kan yadda ake riƙon baƙo. In na ce mata mai gidan ya sauya ra'ayi, za su zauna, amma na ɗora ƙarya kan ƙarya, kuma ban san ko zuciyar nan tawa ta warke ba. In na faɗa mata gaskiya, na san halinta, ba za ta ƙara kwana a gidan da ba a son ta ba, ga kanisa za ta ji. Tun safe na jiƙa bun ɗin da hawaye, na kasa ɗora jabanar a wuta.

Kiristoci da Musulmin shafin nan, ku faɗa mini tsakani da Allah, me zan yi?