Garin Tawadar da Yaya Ya Shaƙa

Dakoro, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kina lafiya, ke da su Haula matar Yaya da yara. Ya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Inna, kada ki ga Yaya Arzika bai zo Bader Goula ran kasuwa ba ki damu. Tari ne yake fama da shi, yana sha magani. Aiki kuma ya yi yawa a shagon fotokofi, 'yan lakwal na shirin jarrabawa. Da ya ji sauƙi zai zo.

Ɗanki,
Halidu

Maradi, 21 ga Mayu

Zuwa ga Innata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya. Malam Attaher, kai da za ka karanta mata, don Allah kada ka tsallake komai.

Inna, waccan takardar ban faɗa miki gaskiya ba. Kwana goma sha biyu ke nan muna asibiti a Maradi. Yaya ba ya iya taka tsakar gida sai ya tsaya ya nemi numfashi. An auna, ba tarin fuka ba ne. Likita ta ce huhunsa ne ya kumbura. Da ta ji aikinsa, sai ta ce baƙin garin tawadar da yake ɗurawa a injin fotokofi ya fi toka laushi nesa, yana wucewa can ƙasan huhu ya zauna. Ba ta rantse shi kaɗai ne sanadi ba, amma shekara uku ba wasa ba ce.

Kin tuna shekarar da hatsi bai yi ba, na ce ya zo in ba shi aiki. Ɗakin baya na sa shi, mara taga, don kada garin ya ɓata takardun mutane. Ranar farko ya nuna mini rubutun Faransanci a jikin robar garin tawadar, ya tambaye ni me aka ce. An rubuta a sa takunkumi, a yi aikin inda iska ke shiga. Na karanta sarai, Inna. Na ce masa sunan kamfani ne kawai. Sauri nake yi, kuma na ɗauka yawan tsoro ne kawai irin na Nasara. Daga baya na sha ganin yana fyace baƙar majina, har muna dariya.

Mutumin da ya bar lakwal ya riƙe gona don ni in yi karatu, da karatun na cuce shi.

Jiya da hantsi na faɗa masa gaskiyar abin da aka rubuta. Sai ya ce: "To, ka fasa taga kafin ka sa wani." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya roƙe ni kada in gaya miki, amma ba zan iya zuwa in ci tuwonki da wannan a cikina ba.

Likita ta ce zai samu sauƙi in Allah Ya yarda, sai dai bana ba zai riƙe hauya ba, ba a kuma sani ba ko baɗi. Na rufe shagon. Ki ce wa Haula ta fito da irin shukar mijinta, kada a ba kowa gonar. Ruwan farko na sauka zan zo in shuka. Na san hannuna ya mutu, mutanen gari za su yi dariya. Su yi.

Ban ce ki yafe mini yanzu ba. Ki dai yi masa addu'a.

Ɗanki,
Halidu