Na ce wa nas ba 'yata ba ce

Assalamu alaikum admin da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku daure ku karanta har ƙarshe, don zagin da na yi wa kaina ya fi wanda za ku yi mini. Ni ba yarinya ba ce, na ba hamsin baya, a Kusfa nake cikin birnin Zariya. Abin da zan faɗa muku ko maigidana bai sani ba.

Ina da 'yar fari wadda har yau bakina bai taɓa kama sunanta ba. Haka muka taso muka gani, uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta rungumarsa a gaban mutane, in an ce naki ne sai ta ce na wance ne. Tun da aka yaye ta ƙanwar babanta ta ɗauke ta zuwa Kwarbai, ita take ce wa Goggo, ni kuma Yaya take ce mini kamar yadda ƙannena suke faɗa. Wallahi ina sonta, son da ban taɓa yi wa sauran 'ya'yana ba, amma ban taɓa bari ta gani ba. Har alfahari nake yi idan mata suka ce, "Kai, wance akwai kara, ko kallon yarinyar nan ba ta yi."

Shekarar korona aka kawo ta gida goyon ciki na farko. Da ma an shirya Goggo ce za ta tsaya a kan komai, sai ga shi ta je Kano dubiya dokar kulle ta rutsa da ita can, aka rufe hanya, babu shiga babu fita. Mijin yarinyar shi ma yana Kaduna a kulle. Uwar mijin ga asma ga ciwon suga, 'ya'yanta sun hana ta ko leƙa ƙofar gida. Ranar da naƙuda ta tashi da hantsi, ni kaɗai ce a kanta. Da ƙyar maigida ya samo mai keke napep ta lungu muka fita ta Ƙofar Jatau zuwa asibiti, ita tana riƙe da ƙarfen keken tana cije leɓe, ni kuma ina ce mata, "Ki daure, kada ki ba mu kunya, mace ba ta ihu a kan haihuwa." Da bakina na faɗa mata haka.

Da muka isa asibitin aka shiga da ita, aka tsayar da 'yan rakiya a waje, kowa da takunkumi, ga bokitin wanke hannu a bakin ƙofa. Can sai wata nas ta leƙo ta ce, "Wa ya kawo mai cikin farin nan? Ma'aikatanmu sun yi ƙaranci, mun yarda mutum ɗaya ya zauna da ita, amma sai uwa ko 'yar uwa ta jini." Ta dube ni ta ce, "Hajiya, ke ce mahaifiyarta?" Jama'a, a kan bencin nan akwai matan unguwarmu da suka rako wata, duk suka zuba mini ido suna murmushi, suna jiran su ji abin da zan ce. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na ce, "A'a, 'yar Goggonta ce, ni rakiya na yi." Matan suka yi dariya, ɗaya ta ce, "Ai mun sani, wance ba za ta taɓa amsawa ba." Nas ɗin ba 'yar nan ba ce, ba ta san wasanmu ba, ta ce, "To sai haƙuri," ta ja ƙofa.

Me ya hana ni tashi in buga ƙofar nan in ce ƙarya na yi? Wa zai kashe ni? Amma na zauna ina jan carbi, ina cewa bari matan nan su tafi tukuna. Ba su tafi ba. Wajen azahar na ji muryarta ta taga, ba Yaya take kira ba, cewa take, "Mama! Mamana!" Tun da na haife ta ban taɓa jin ta kira ni haka ba. Na sunkuyar da kai kamar ban san muryar ba. Daga nan sai ta yi shiru, ashe maganata ta tuna ta haɗiye ihun. Nas biyu ne a kan mata da yawa, wadda ta yi shiru sai a ɗauka da sauƙi. Kafin a farga jini ya ɓalle mata, aka wuce da ita tiyata. Ita Allah ya tsame ta, ɗan kuwa bai zo da rai ba. Na sani rai na Allah ne, amma da ina gefenta ai da na ga jinin na yi kururuwa.

Da aka sallamo ta ni na yi mata wankan jego, na dama mata kunun kanwa, ga nono ya cika babu mai sha. Wata rana ina gasa mata jiki ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, na yi ta kiranki, me ya sa ba ki shigo ba?" Na ce, "Hana ni suka yi, sun ce korona." Ta fashe da kuka ta ce, "Na sani, na san da sun bar ki ba za ki bar ni ba. Allah ya isa tsakanina da su." Innalillahi! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na bar ta a haka.

Shekaru ta yi ba ta sake samun ciki ba, sai bana Allah ya ba ta, ga shi ya tsufa, watan gobe ake sa rai. Likitan da mijinta ya lallaɓa ta suka gani ya ce saboda aikin da aka yi mata dole a asibiti za ta haihu, in ta gwada a gida ɗinkin zai iya fashewa a rasa su duka. Ita kuwa ta rantse ba za ta taka ba. Ta daina zuwa awo, har ta yi magana da wata ungozoma a ɓoye. Mijin ya yi faɗa, Goggo ta yi lallashi, babanta ya ce mata ai korona ta wuce, yanzu ana barin mutum ya shiga. Ta ce, "Ba korona ba ce, Baba, rashin imani ne. Mutanen da suka ji ina kiran uwata suka tsare ta a waje, su zan sake ba wa raina?" Jiya kuma ta zo ta zauna kusa da ni a tsakar gida, ta ce, "Yaya, a ɗakinki zan haihu. Nan ne kaɗai na tabbata babu mai raba ni da ke."

Na ce mata wannan karon zan shiga da ita ko me za a ce, ta ce, "Ai wancan karon ma kin so shiga." Kun gani? Ƙaryata ce take neman kashe ta. In na faɗa mata gaskiya, da wane ido za ta dube ni, ga kabarin ɗanta a tsakaninmu? Kuma ina tsoron maganar ta girgiza ta da tsohon cikin nan. In na yi shiru kuma, ina iya wayar gari da gawarta a ɗakina. Na yarda ta tsane ni har in mutu, in dai za ta rayu, amma duk lokacin da na buɗe baki sai harshena ya ƙi, kamar yadda yake ƙin sunanta.

Iyaye mata, malamai, ma'aikatan asibiti da kuke nan, ku taimake ni don Allah, lokaci ya ƙure. 'Yata ce, ni na haife ta, yau na faɗa. Me zan yi?