Mai Hoton da Ba Ya Cikin Hoto

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da na fake a ƙarƙashinta shekara arba'in da huɗu, ruwan farko bayan dogon rani, uwar 'ya'yana, wadda har gobe in aka ambaci kyau fuskarta ce ke faɗo mini.

Bayan gaisuwa mai yawa, daga shago nake rubuto miki, a kan teburin gyaran agogo, da hantsi. Agogo goma sha ɗaya ke bugawa a bisa kaina, kowanne da irin tasa ƙaryar. Babbar 'yarmu ta yi mini alkawarin za ta karanta miki a hankali, ko da za ki tambaye ta sau uku wa ya aiko.

Ranar da likita ya ce tunda mantuwa ta kama ki a riƙa nuna miki tsofaffin hotuna, ba zan ɓoye miki ba, kaina kumbura ya yi. Albam bakwai! Wa ya cika su in ba ni ba? Keken ɗinkinki yana ciki, da tagar kicin mai tsagaggen gilashi, da igiyar shanya, da Auta ranar da ya zauna cikin bokiti ya kasa fita. Kina yi mini dariya a lokacin, wai ba ki taɓa ganin mai hankali yana ɓata fim a kan bokiti ba. Ni kuma in ce miki don gaba nake tarawa. To, ga gaban nan ta zo, ya farin watana, sai dai ba da fuskar da na zata ba.

Kina gane su duka. Kina ɗora yatsa ki kira Auta, ki kira kekenki, ki ma tuna wace allura ce ke yawan karyewa. Har maƙwabcinmu makanike kin gane, mutumin da ya yi shekara tara a ƙasa! Ni kuwa in na yi sallama sai ki gyara mayafi, ki ce wa 'yarmu a ba mai hoto kujera, ya sha hanya.

Na kwaso albam ɗin nan bakwai na zo da su shago. Na maƙala gilashin duba agogo a ido, na bi su shafi shafi kamar mai neman allura a yashi. Babu ni. Ko sau ɗaya. Abin da na samu kawai gefen babban yatsana a kusurwar wani hoto, sai inuwar kaina a kan ƙafarki a wani. Shekara arba'in ina bayan kyamara ina ce wa mutane su matso, su ɗaga kai, su yi murmushi, ashe kaina nake gogewa daga gidana!

Kin tuna ranar da muka tare a gidan? Kai, ji tambayar wawa. Bari ni in tuna mana. An ɗauke ruwa ke nan, ganyen lemon tsakar gida na ɗiga, kika tsaya a gindinsa da shuɗiyar riga, kina sheƙi kamar tsuntsuwar da ta fito wanka. Kika ce in miƙa wa makanikin kyamarar ya ɗauke mu tare. Na dubi hannunsa, baƙin mai har gwiwar hannu, na ce kyamara ba sifana ba ce, a bari wata rana. Na ɗaga kyamarar na ɗauke ki. Hoton na nan gabana yanzu: ke kaɗai, kin ɗan matsa dama, kin bar wuri a hagunki daidai faɗin mutum ɗaya. Kin sake roƙona da aka haifi ta fari, kin sake da aka haifi Auta. Kullum da hujjata, wannan hannunsa na rawa, wancan zai yanke mana kai. Daga nan kika daina. Ni kuma, don tsabar wayo, na ɗauka kin fahimce ni ne.

Yara sun ce ba abin damuwa ba ne, ga waya. Sun ɗauke ni ya fi sau ɗari, sun nuna miki. Kika duba da kyau kika ce ai wannan tsohon mai hoton ne, bawan Allah mai zumunci. Mijinki kuwa, wanda ke cikin kanki, baƙin gashi gare shi da tsayuwa sambal, kuma babu takarda ko ɗaya a duniya da za ta shaida cewa shi ne ya koma ni. Wa zan kai ƙara? Makanikin? Ai shi hannu ya miƙo.

Shekaranjiya da zan tafi kika kira ni, kika rage murya kamar mai ba da amana:

"Mai hoto, in ka ga maigidana ka ce ya zo a ɗauke mu. Amma ka lallaɓa shi, ba ya son a taɓa masa kyamara."

Ya tauraruwar asubata, da wuƙa kika soka mini da ta fi sauƙi.

To, na isar da saƙonki. Ya ce a gaya miki jibi da hantsi yana tafe. Ya ce zai miƙa kyamarar ga duk wanda ya tarar a ƙofa, ko hannunsa baƙin mai ne, ko zai yanke kai, ko zai yar da ita ta tarwatse. Ba ya roƙon ki gane shi, wannan ya fi ƙarfinsa. Abu ɗaya yake roƙo: in tsohon nan ya zo ya tsaya a hagunki, kada ki ja mayafi, kada ki matsa. Wurinsa ne, ke kika ajiye masa. Ya makara da shekara arba'in da huɗu, shi da ke gyara wa mutane agogo.

Naki, ko da wane suna kika kira ni, har ranar da numfashina zai tsaya,

Mai hoto.