Sawun takalmin da ya raba Baba da ƙaninsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a rai.

Mahaifina ya tsufa ƙwarai, yanzu haka yana kwance a ƙauyenmu ta wajen Gwiwa. Tun zamanin En'e, hukumar gargajiya ta da, yana saurayi, aka sace bijimin wani makiyayi. Da gari ya waye aka ga sawu a bakin garke, aka kife shi da ƙwarya yadda aka saba don kada shanu su tattake, aka kira mai bin sawu. Sawun takalmin taya ne. Aka tattaro takalman samari ana gwadawa, da aka ɗora na Baba sai zanen ya hau daidai. Da wannan kaɗai aka ɗaure shi.

Baba dai ya san bai je ba, sai ya ƙudurta a ransa cewa ƙaninsa, Baffa Sale, da suke kwana ɗaki ɗaya, shi ya zura takalminsa ya je. Baffa ya yi rantsuwa har ya gaji, ya tattara ya koma Babura. Da ya rasu ko jana'izarsa Baba bai je ba.

Ranar kasuwar da ta wuce na kai gyaran takalmi wurin wani dattijo ɗan ƙauyenmu, hira ta kawo mu kan takalman da. Yana dariya ya ce min, "Ɗana, ai taya guda babanmu kan yanka wa rabin gari. Zane iri ɗaya sak, sai dai bambancin ƙafa." Nan take na karɓi takalmina na kama hanyar gida.

Ban ce wannan ya wanke Baffa ba, Allah ne masani. Amma hujjar da Baba ya riƙe duk rayuwarsa ba hujja ba ce. Na gaya wa yayata, ta hau ni da faɗa, wai tsoho mai hawan jini zan ƙarasa, in bar abin da ya wuce. Ni kuma jiya ina ba shi kunu, yana jero mamatanmu yana yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan Baffa sai ya tsallake. Fita na yi na sha kukana.

Jama'a ya zan yi? In faɗa masa ya ƙare kwanakinsa cikin nadamar ɗan uwan da ba zai iya neman yafiyarsa ba, ko in yi shiru ya koma ga Allah yana ƙullace da shi?