Sadiku da Aji Uku

Daren Laraba, Unguwar Sabo

Yau Baban Sadiku ya dawo daga kasuwar Bodija yana washe baki, wai albasa ta fi tafiya a Fatakwal, mu fara ɗaure kaya. Ko shawara babu. Na dangwarar masa da tuwonsa na bar wurin, don da na buɗe baki da maƙwabta sun taru.

Mutumin nan tun daga bakin rumfa yake gane buhun da ya fara ruɓewa, amma bai san ajin da ɗansa yake ba. Duk garin da muka sauka, sai makaranta ta gwada yaron ta mayar da shi aji uku. Shekararsa goma sha ɗaya, yana zaune cikin ƙannen bayansa! Sai yanzu da bakinsa ya fara kama Yarbanci yaran unguwar Mokola suka daina yi masa dariya.

Na shiga na gaya wa Sadiku, na tambaye shi abokan da zai yi wa sallama. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Umma, ai ban tambayi sunan kowa ba. Na san za mu tashi."

To, uban ya bi albasarsa. Ni da yarona ba inda za mu.