Fura Ba Sukari

Zuwa ga Hindatu, sanyin idona, ruwan randata, farin watan da ke leƙowa ta bayan dutsen garinmu,

Ina fata kan ya daina sara. Ni kam nawa yanzu ya fara, kuma ke ce sanadi!

Ranar da amalanken jaki ya kife da ke a hanyar Dumega, kika tashi kina kakkaɓe zane kina dariya, wa ya san jini na tsiyaya sannu a hankali tsakanin ƙoƙon kanki da ƙwaƙwalwa? Sai bayan makonni ciwon kai ya taso, barci ya yi yawa, hannun hagu ya yi nauyi. Gwaggonki Lantana ta rantse Doguwa ce ta taɓa ki, aka yi ta hayaƙi. Da aka kai ki Yamai hoton kai ya nuna jinin, likita ya huda ƙashi ya zuƙe shi, ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai labari. Na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Likitan ya kuma ce mantuwa kan biyo baya. To, masoyiyata, wace irin mantuwa ce mai zaɓe haka? Kin tuna gwaggo, kin tuna har jakin da ya kayar da ke, amma ni da alkawarin da kika yi mini a bakin rijiya lokacin girbin gero, mu ne muka bi jinin muka fita? Jiya kika gaishe ni kamar baƙon da ya ɓata hanya. Amma furar da kika dama mini ba sukari, ta ji citta, daidai yadda nake sha. Wa ya gaya miki baƙo ba ya son sukari? Hannu ya tona asirin baki!

Ko Salman mai shago, wanda ya mai da dubiya sana'a, shi ya shiga tsakani? Ko kuwa askin da aka yi miki da tabon ɗinki ne suka sa kike son sallama ta da dabara? In haka ne kin raina ni. Ba kitso na gani na ce ina so ba.

In da gaske kin manta, zan sake zuwa zance tun daga sallama. In kuwa kin daina so na, kada ki fake da ciwo. Ranar Juma'a zan zo. Ki zuba sukari a furar, zan shanye in tafi, ba zan tambayi komai ba.

Naki har ƙasa ta rufe idona, da sukari ko babu,

Rabo